Munduwa a Akwatin Darma

Ranar da Dihya ta fara ganin Lunis, saura kaɗan ta yi amai.

Tana zauren gwaji na cibiyar nukiliya da ke bayan birnin Aljiyas, ta gama goge ɗan gwangwanin da ta zuba garin ƙarfenta a ciki, sai ga wani dogo mai gashi buzu-buzu ya shigo yana lasar yatsa. Ƙarnin soyayyen sardin ya riga shi isowa. Kafin ta ce tak, ya ɗauki gwangwanin yana jujjuyawa.

"Ajiye! Wayyo Allah, ajiye!"

"Kallo kawai nake, 'yar'uwa."

"Kallo da man kifi? Ka manta hasken nutron ba ya raga wa ko ɗigon maiƙo? Wata da watanni ina jiran layin na'urar awo, yanzu abincin ranarka zan auna?"

Ya ba ta haƙuri, ya goge hannun a jikin farar rigar aikinsa, rigar da rabonta da fari tun tana kanti. Dihya ta ja tsaki. Tir da wannan halitta!

Da la'asar saƙo ya shigo wayarta: "Gimbiyar safar hannu, na bar miki layina na jibi. Ƙarfena ba ya sauri. Na kuma wanke hannu, har da sabulu."

Ta amsa: "Na gode. Saura rigar."

Ta so ta ci gaba da ƙyamarsa, abin ya faskara. Mutumin ƙazami ne na bugawa a jarida, amma in ya zauna gaban sakamakon gwajinta sai ya hango abin da ta kwana uku ba ta gani ba, kuma bai taɓa cewa a sa sunansa a rahoton ba. Kafin a ɗebe zaitun na shekarar, ita ce mai tura masa: "Ƙazamina, ka ci abinci?" Shi kuma: "Na ci, hasken idona. Da cokali."

Matsalar ta ɓullo ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, Inna Wardiya. Tsohuwa ta amsa gaisuwa daga nesa, hannu a cikin mayafi. Dihya ta sha gahawa ta ajiye kofi, sai ta ga Inna ta ɗauke shi da tsumma, ta kai bayan gida ta jefa a kwandon shara. Da jikar gidan ta rarrafo wajenta, aka fizge yarinyar kamar ta nufi wuta.

"Mace tana yini a gindin tukunyar nukiliya," in ji Inna, ba ta ko rage murya ba, "me za ta haifa mana? Ga Sekura 'yar ƙanwata, aikinta a kantin magani, tsaf-tsaf."

"Inna, ai tare muke aikin nan," in ji Lunis.

"Kai namiji ne. In tana son ka, ta bar aikin."

Dihya ta koma gida tana kuka. Ita da ke ƙyamar duniya, yau ita aka ɗauke wa kofi da tsumma. Ta rubuta masa: "Ina son ka har raina, amma ba zan bar aikina ba, ba kuma zan shiga gidan da ake ƙyanƙyamina ba."

Lunis ya ruɗe, ruɗewar kuma ta sa ya yi wauta. Akwai munduwar azurfa ta kakarsa, wadda kowace amaryar gidan ke sawa ranar biki, Inna ta ba shi ya kai wa maƙeri saboda ta fara tsagewa. Ya ce bari ya burge tsohuwa, ya nuna mata amfanin aikinsu: ya sa munduwar a gaban nutron don ya ga iyakar tsagar. Tsaga kam ya gan ta. Sai dai azurfa in ta sha nutron takan ɗauki tururin nukiliya ta riƙe, don haka jami'in kariya ya kulle ta a akwatin darma, ya ce ba mai taɓa ta sai ta huce.

"Kai da digirinka!" in ji Dihya. "Azurfa fa, Lunis!"

Inna Wardiya ta ce ba ta yarda ba, an dai sayar da munduwar, sai ta gani da idonta. Aka nema mata izinin baƙi. Ta zo ta toshe hanci da mayafi, Dihya ce ta yi mata jagora, tana tafe tana kiyaye kada ta gogi tsohuwar.

Sun ga akwatin. A hanyar fita suka bi ta ofishin Lunis, nan Inna ta tsaya cak. Kofuna sun yi gansakuka, ɓawon lemo ya bushe a kan takardu, ga safa ɗaya a kan na'ura. Teburin da ke gefe kuwa kamar a ci abinci a kai.

"Wannan na wa?"

"Nawa ne, Inna," in ji Dihya.

A bakin ƙofa akwai na'urar da kowa ke sa hannu da ƙafa kafin ya fita, don a ga ko ya kwaso tururin. Inna ta hau, wuta ta nuna kore. Dihya ta hau, kore. Lunis ya hau, sai ƙara ta tashi, jar wuta na walƙiya. Jami'in ya zo da sandar awo, ya tsaya a hannun rigar, ya ce ƙurar nukiliya ce ya kwaso, ba ta kai ta cutar ba, amma rigar ta zama shara. Aka tuɓe masa ita, aka tasa shi gaban famfo.

Inna ta daɗe tana kallon ɗanta yana dirzar hannu. Can ta ce, "Tir! Ashe a cikina ƙazantar take."

Ta juyo ta fito da hannunta daga mayafi, ta kama na Dihya ta riƙe gam.

"'Yata, ki yafe mini. Ki riƙe aikinki, ki taimaka ki riƙe mini wannan ma. Sekura ba za ta iya ba."

An so a jira munduwa, amma aka auna aka ce da sauranta. Inna ta ce ita ba za ta jira ƙarfe ba. Aka ɗaura aure da bazara, aka ci kuskus har aka bar shi, mata suna ta guɗa. Da aka zo sa wa amarya lalle, Inna Wardiya ta hana kowa, ita ta zauna ta shafa mata da yatsunta, tana hawaye tana addu'a.

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya kuma sa 'ya'yan su biyo uwarsu.