Rawanin Tanti Verlyn da Ramukan Gindin Bene

Ranar bikin gari na shekara, Sufeto Ramdial na bakin titi a birnin Port of Spain yana shan romon masara, kiɗan gangunan ƙarfe na ratsa shi har ƙashi, sai wata mata ta cafko hannunsa. Tanti Verlyn ce, sarauniyar ayarin unguwar Belmont, sanye da fukafukai amma kai ba komai.

"Sufeto, an sace min rawani! Shekara guda ina ɗinkinsa, ga ayarinmu ya kusa gaban alƙalan gasa!"

"Kwantar da hankali, Tanti. Ina kika ajiye shi?"

"A barandar bene, gam ya bushe. Ga makullin a wuyana."

Suka je gidan. Ƙofa lafiya lau, babu alamar tsani. Amma a fulawoyin gindin benen ga ramuka birjik, kamar an yi sussuka da taɓare.

Ramdial ya yi murmushi. Wa zai kai barandar bene ba tsani, kuma ya kasa tsayuwa wuri ɗaya? Sai moko jambi, masu rawa kan dogayen ƙafafun katako. In suka daina taku, ƙasa za su sha.

Ya tarar da su a kwana, ya ɗaga kai wajen Lennox, ɗan makwabciyar Tanti.

"Kai dogo, ka bi ta layinku yau?"

"Ni? Tun safe ina nan, yallaɓai."

"Wannan ƙyalƙyalin hannunka fa?"

"Haba yallaɓai, yau ko karen garin nan ƙyalƙyali yake!"

Gaskiyarsa. Sai Ramdial ya sunkuya, ya ɓamɓaro jar fulawa daga robar ƙafar katakon.

"A kwalta ta tsiro?"

Lennox ya dubi fulawar, ƙafafu na ta taku. Can ya miƙa hannu saman motar kiɗa ya sauko da rawanin.

"Uwata ta tsufa tana zuwa ta biyu a bayan Tanti," in ji shi. "Sau ɗaya na so ta ci."

Tanti ta kafa rawaninta. "Ɗan banza, da ka tambaye ta! Ita ta ɗinka min rabinsa."

Ankwa ba ta kai can sama ba. Ramdial ya riƙe ƙafar wandonsa suka nufi caji ofis, jama'a na ta tafa musu, sun ɗauka cikin wasan ne. Sufeto kuwa har da ɗan rausayawa.