Hannun Bakanike

"Wayyo Allah! Sista, a hankali... don girman Allah a hankali!"

Auta ta damƙe ƙarfen gado da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta miƙa shi gefe tana lalube. Nas ɗin ba ta ko ɗago kai ba, ta ci gaba da zaro tsohuwar auduga daga ciwon da ke ƙasan cibiyarta.

"Saura kaɗan. Yau ya fi jiya kyau, ruwan ya ragu sosai."

Kwana tara ke nan da aka dawo da Auta asibiti. An yi mata tiyata aka ciro 'yarta lafiya, aka sallame su, amma mako bai cika ba ɗinkin ya kumbura ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Sai da likita ya warware gefe ɗaya, ya ce a riƙa wanke ciwon safe da yamma har ya cike daga ciki.

"Injiniya, hannunka nake nema!"

Mijinta yana tsaye can ƙarshen gado, ya mayar da hannayensa baya kamar ɗalibin da aka kira gaban shugaban makaranta.

"Ina nan, Zuciyata. Ina kallonki."

"Kallo na ce ka yi? Kallo magani ne?"

"Ki riƙe ƙarfen... ya fi tsabta."

Ta ja tsaki, tsakin ya motsa mata ciwo, ta sake sakin ƙara.

Bakanike ne, ita kaɗai ke kiransa Injiniya. Umma, mahaifiyarta, ba ta taɓa son auren ba. Ɗan yayarta mai kantin magani ta so wa Auta, wanda kowa ke kira Mai Kemis. Da aka sallame su karon farko, Injiniya aka koya wa canza filasta, ya kuwa riƙa yi kowace safiya da safar hannu, yana haɗa gumi. Ranar da ciwon ya lalace, Mai Kemis ya zo dubiya, ya ƙura wa faratan Injiniya ido, inda baƙin mai ya yi shekaru yana kwana, ya girgiza kai ya ce, "Ai ba sai an yi bincike ba."

Tun daga ranar Injiniya bai sake taɓa ta ba, bai sake ɗaukar 'yarsa ba. Sai dirje hannu da buroshi da sabulun wanki, sau goma a wuni, har fatar ta tsage.

Ita kuwa Auta ta san abin da ta sani.

Tela ce, shekararta goma sha biyu a kan keken ɗinki, ba ta taɓa barin riga ta fita daga shagonta da zare yana reto ba. Kwana huɗu da sallamarsu ta ɗaga filastar a gaban madubi, ta ga wani bakin zare ya leƙo a ƙarshen ɗinkin, a karkace. Ta mayar da filastar, ta kwanta, ta kasa sukuni. Ta tashi ta ɗauko ƙaramin almakashinta daga gwangwanin allurai, wanda take datse zaren kayan kowa da shi, ta ɗan ja zaren tukuna don ta ga ko an ƙulle shi da kyau, sannan ta datse shi daidai fata.

Kullum sai ta ce yau za ta faɗa. Kullum sai kunya ta ce gobe.

Nas ta rufe ciwon, ta cire safar hannunta. "Albishirinki, likita ya ce gobe za ki gida. Sai dai muna buƙatar mutum ɗaya da za mu koya wa wankin ciwon nan yau da yamma."

"Gida kam za ta, amma gidana!"

Umma ce ta ɗaga labule ta shigo, jaririyar a kafaɗarta, Mai Kemis yana biye da ita da ledar lemo.

Injiniya ya durƙusa. "Barka da rana, Umma."

Ta wuce shi. Ta zauna a bakin gado ta fuskanci 'yarta. "Na gyara miki ɗakinki na da. Wankin ciwo kuwa ga ɗan'uwanki nan, aikinsa ne. Na ba da 'ya lafiya lau, an dawo mini da ita tana ruɓewa. Ba zan sake ba."

"Har zuwa yaushe, Umma?"

"Ban sa rana ba. Kawunnanki za su zauna, abin da suka yanke shi ke nan."

Auta ta san irin zaman nan, ba a tashi daga shi da aure a raye. Ta juya ga mijinta, tana jira ya yi magana.

Ya sunkuyar da kai. "Umma tana da gaskiya."

"Me ka ce?"

"Lafiyarki ta fi mini komai, Zuciyata. Idan hannuna ne cutar, gara a nisanta ki da shi."

"Kai, Injiniya! Za a raba ka da matarka da 'yarka, kana cewa ana da gaskiya? Mota ma idan aka zo janye ta daga garejinka sai ka yi musu!"

"Mota ban taɓa sa mata zazzaɓi ba..."

Mai Kemis ya gyara murya, ya ajiye ledar lemon. "Haƙuri za ki yi, ƙanwata. Kowa da sana'arsa. Hannun da ya saba da ƙarfe bai san jikin mutum ba."

"Yaya, don Allah ka yi mini shiru!"

"Auta!" Umma ta daka mata tsawa.

Auta ta rufe ido. Ta ji hawaye yana gangarowa cikin kunnenta. Takaici ne ya ishe ta, na uwarta, na wannan mai ledar lemo, na mijin da ya miƙa wuya kamar ragon da ya yarda da wuƙa, kuma fiye da duka, na kanta.

"Ni ce."

Babu wanda ya gane.

"Na ce ni ce! Ni na yanke zaren. Da almakashina na shago."

Nas, wadda ta kai bakin labule da tiren kayan aiki, ta dawo da baya a hankali. "Wane zaren?"

"Na ɗinkin. Ya leƙo ne, Sista, a karkace... ba a gama shi da kyau ba."

"Ba a gama shi da kyau ba!" Nas ta ajiye tiren ta riƙe ƙugu. "Likita ya ɗinke ki, ke kuma kika bi bayansa da gyara? Siket ce ke? Kin dafa almakashin?"

"Na... na goge shi da gefen zani."

"Inna lillahi! Kwana tara muna tambayar ki ko wani abu ya taɓa wurin!" Ta sauke numfashi. "Ba zan rantse cewa shi kaɗai ya jawo ba, ciwo yakan lalace ko an kiyaye. Amma bawan Allahn nan, ni na koya masa, na kuma ga yadda yake yi. Ko ɗalibanmu ba su kai shi tsantseni ba."

Umma ta dubi Mai Kemis, shi kuma ya dubi agogonsa, ya tuna ya bar kanti babu kowa. Labule bai gama motsi ba ya ɓace.

Injiniya ya miƙe tsaye. A karon farko cikin kwana tara ya fito da hannayensa gaba. Sun yi ja, sun tsattsage, gaɓoɓin yatsun duk sun fashe.

"Kwana tara, Auta."

Bai ce Zuciyata ba. Nan ta san ransa ya ɓaci.

"Kwana tara 'yata tana kuka ina kallon ta kamar ta maƙwabta! Na daina cin abinci da hannu! Na je gareji na ce wa abokan aikina zan bar sana'ar! Duk a kan zare?"

"A karkace yake, Masoyi..."

"Ko a tsaye yake a kan kansa!"

"Na ji kunya ne. Na ji tsoron ka ce ba ni da hankali."

"To ai yanzu na ce!"

Ya juya mata baya yana huci. Umma ta yi ta jijjiga jaririyar da ba kuka take yi ba. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Tun tana ƙarama haka take. Labulen ɗakina ma sai da ta rage masa tsawo." Ta gyara wa jaririyar kwanciya a kafaɗarta. "Na ɗauki alhakinka, ɗana. Ka yafe mini."

"Babu komai, Umma," ya ce. Amma bai juyo ba.

Nas ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. "To, ni dai tambayata tana nan. Wa zan koya wa?"

Injiniya ya ci gaba da kallon bango, Umma ta kawar da kai.

Auta ta share hawaye, ta yunƙura ta jingina da matashi. "Ki koya mini, Sista. Tunda babu mai so, ni zan riƙa yi da kaina. Da madubi ina gani sarai, kuma hannuna ya saba da aikin..."

"Kar ki kuskura!"

Tare suka faɗa su uku, amma Injiniya ne ya iso bakin gadon. Ya kama hannayenta biyu ya riƙe gam, kamar wanda ya cafke ɓarawo.

"Wannan hannun ba zai sake zuwa kusa da ciwon nan ba. Kin ji ni? Ni zan wanke, safe da yamma, a gidana. Keken ɗinki ma sai likita ya ce."

"Na ji, Injiniyana."

"Ban huce ba, fa."

"Na sani."

Tafin hannunsa kaushi gare shi kamar buhu, yana ƙanshin sabulun wanki. Ta ja shi ta ɗora a kumatunta, bai ƙwace ba.

Umma ta miƙe, ta zagayo gadon, ta tsaya a gabansa da jaririyar.

"Saki uwar ka karɓi 'yar. Kafaɗata ta gaji."