Wadda Ta Zauna a Kujerata

Na san za a ce tsufa ne, ko neman wanke kai. A faɗa. Amma matar da ta tsaya gaban 'yan jarida ta ce cibiyarmu ta gano baƙin abu, ba ni ba ce, ko da yake fuskata aka gani, muryata kuma aka ji.

Aikina na tsawon rayuwa shi ne neman abin da ba ya ganuwa. Sararin samaniya cike yake da wani abu da haske ke ratsawa ya wuce. Ba a sanin yana nan sai ta yadda yake jan taurari. Shi muke kira baƙin abu. Hasashenmu shi ne, idan ƙwayoyinsa biyu masu kama ɗaya suka haɗu, duka biyun sukan shafe, su bar walƙiya. Wannan walƙiya na'urarmu ke dako.

Bara ta fara nuna ɗan haske. Mataimakina ya matsa mu sanar. Ni na koyar da shi, ni na ba shi auren 'yar ƙanwata. A ofis ma Mama yake kirana. Na ƙi yarda a sanar, domin hasken yakan bayyana ko da murfin na'urar a rufe yake. Abin da ya fito daga cikin ɗaki ba daga sama ya zo ba, kuma ban tara sunana don in zubar da shi a rana ɗaya ba.

Wata ranar da magariba na koma ɗauko tabarauna. Ma'aikata sun watse. Babu motsi sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. A bakin ƙofa na ji ƙamshin turarena, alhali ranar ban shafa ba.

Wata mata na zaune a kujerata. Mayafina. Zobena. Har tabon ƙunar da ke wuyan hannuna.

Ba ta da inuwa.

Alƙaluman kan tebur suna gangarawa wajenta a hankali. Labule ya karkata gare ta. Gefen mayafin da ke jikina ya ɗaga, ya miƙe wajenta.

Mataimakina na tsaye a bayanta, ya sa baƙin tabarau.

"Mama, sannu da zuwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ai na san ba kya iya karatu babu su."

"Kai ka ɓoye su?"

"Ta daɗe tana zuwa. Silin gashinki kawai take taɓawa a jikin kujera, na'ura ta ɗauka. To ina ga ke ɗungurungum?" Ya murmusa. "Yau murfi a buɗe yake. Babu mai musu."

"Ɗan nan, da hannuna na yi wa ɗanka wankan farko."

"Allah ya saka, Mama. Amma ita ba ta da taurin kai."

Ya fita. Na ji makulli ya juya.

Ta miƙe. Ba ta numfashi.

Takalmana suka fara zamewa a kan tayil.

Na riƙe ƙafar tebur. Teburin ya biyo ni.

Ta miƙo hannu, yadda nake miƙa wa baƙi.

Na kai hannu in kare fuskata. Kan ɗan yatsana ya shafi nata.

Ɗakin ya yi fari fat. Babu ƙara, sai warin ƙonanniyar waya. Jan ya sake ni. Na lalubi ƙofar bayan ɗakin batura, wadda ya manta ni na sa aka fasa ta, na faɗa waje da rarrafe.

Gaɓar farko ta yatsan babu ita. Ba jini, ba ciwo, sumul kamar haka aka haife ni.

Na'ura ta ɗauki walƙiyar. Ina kwance a asibiti aka yi sanarwar. Sauran cibiyoyi suka duba kusurwar saman da na'urarmu ke kallo, ba su ga komai ba. Yau ni ake nunawa da baki a taro. Shi kuwa an ce yaro ne, bin umarni ya yi.

Mai shakka ya sake kallon hoton sanarwar: matar ta sa safar hannu a dama kaɗai, hannun da ta miƙo mini. In bai gamsu ba, ya tambayi matar mataimakina. Tana zaune a bakin gadona, riƙe da hannun nan, lokacin da talabijin ya nuno ni kai tsaye ina murmushi kusa da mijinta. Tun ranar ba ta koma gidansa ba.