Kwana Bakwai na Ɗigon Ido

"Miƙo min kwalbar nan, Raliya!"

Na ƙanƙame ta a tafin hannuna. Ko fuskar Goggo ba na gani sosai, idanuna sun yi jajur, kwantsa ta liƙe su.

"Goggo, don Allah... magani ne."

"Wane irin magani ne ake rubuta sunan budurwa a jikinsa? Zulaihatu ta karanta min! Asiri ɗan masuntan nan ya yi miki!"

Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta ƙwace, ta juya zuwa Fulatanci. In Goggo ta koma Fulatanci, magana ta ƙare.

A shekarar 1971 ne, a gidanmu na cikin Yola, lokacin komai na gwamnati sai an je Maiduguri. Goggo yayar babana ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar iyayena, tare da 'yarta Zulaihatu. Shekarata ashirin, ɗinkin hula nake yi, kuma ba yabon kai ba, har daga Garwa ake aiko min.

Jibrilla kuwa, mai neman aurena, malamin asibiti ne a wani ƙaramin ɗakin shan magani a unguwar Demsawo ta Jimeta. Duk Juma'a yakan tako keke tun daga Jimeta, ya iso zaurenmu rigarsa sharkaf da gumi. Laifinsa ɗaya a wurin Goggo: babansa mai kamun kifi ne a Binuwai.

Ranar da ya ga idona, ko zama bai yi ba.

"Yaushe ya fara, sanyin raina?"

"Shekaranjiya... zai wuce."

"Ba zai wuce da kansa ba. Ƙwayoyin cuta ne, dubi ruwan da yake fitarwa."

Washegari da hantsi ya dawo da 'yar kwalba. Ya ce in wanke hannu da sabulu, in goge kwantsar da auduga da dafaffen ruwan da ya huce, in ja fatar idon ƙasa in ɗiga, kada bakin kwalbar ya taɓa ido.

"Sau huɗu a rana, kwana bakwai. Ko kin ji sauƙi kada ki daina. Kwalli kuma ki ajiye shi."

"Ka so ni ba kwalli?"

"Ni ba kwalli na zo nema Yola ba."

Ban san Zulaihatu tana bayan zana tana saurare ba. Ban kuma san ita ma ta daɗe tana jiran ƙarar keken nan ba.

Sau biyu kawai na ɗiga kafin a ƙwace. Goggo ta ɗauko tandunta na kwalli, ta zizara min da tsinkenta, ta ce da shi kakanninmu suka warke. Da tsinken nan ta sa nata, Zulaihatu ma ta sa.

Bayan kwana huɗu, idona na hagu ya daina buɗuwa. Kamar an zuba min yashi. Haske ya zama abokin gabana. Goggo da Zulaihatu su ma suka wayi gari da jan ido.

Na ɗauki allura in zura zare, na kasa ganin kafarta.

A nan tsoro ya kama ni. Na yafa mayafi, na fita ba sallama, na hau motar Jimeta. Wata mata mai tallar man gyaɗa ce ta riƙe hannuna har ƙofar ɗakin maganin.

"Raliya! Innalillahi... me ya sami idon nan?"

Na fashe da kuka, na faɗa masa komai.

Nan take ya wanke min, ya ɗiga. Ya kai ni wurin likita a ranar, aka ce miki ya fara kama baƙin idon, da na ƙara kwana biyu da sai dai haƙuri.

Da la'asar muka isa Yola tare. Ya durƙusa a zaure, ya ajiye kwalabe uku a gaban Goggo.

"Goggo, wannan taki ce, ga sunanki. Wannan ta Zulaihatu. Wannan ta Raliya. Don kada wani ya ɗiga ta wani cutar ta zagaya, shi ya sa nake rubuta suna. Haka nake wa kowa, har tsofaffi maza."

Goggo ta matse ido da bakin zane.

"To ni ma asirin za ka yi min?"

"In na iya asiri, Goggo, ai da tuni na huta da taka keke."

Sai Zulaihatu ta rushe da kuka.

"Inna, na sani... wallahi na san magani ne! A ƙasan sunan an rubuta sau huɗu a rana, na ƙi karanta miki. Adda Raliya, ki yafe min!"

Ban yafe mata a ranar ba. Sai da na kwana uku. Amma ni nake ɗiga mata nata, ni nake ɗiga wa Goggo, don ta rantse namiji ba zai taɓa mata fuska ba.

Kwana na huɗu idon Goggo ya washe, ta ce ta gama.

"Saura uku, Goggo," in ji Jibrilla daga zaure.

"Kai wane irin yaro ne mai naci?"

"Irin wanda ba ya barin abu a rabi."

Ta leƙo ta ƙare masa kallo, karo na farko tun da yake zuwa gidan. Ta koma ciki tana gunaguni, ta kwanta, ta buɗe min ido.

Su biyun suka warke sarai. Ni kuwa na hagun ya bar min farin tabo, har yau hazo-hazo nake gani da shi. Ɗinki mai ƙananan zane ya fi ƙarfina daga nan.

Goggo ba ta ƙara ambaton masunta ba. Da kaka, ita da kanta ta aika wa baffanninmu a Mbamba cewa manema suna tafe.

Ranar da za a kai ni Jimeta, ta sa aka kira mata ango har tsakar gida, abin da ba a saba ba. Ta kama hannuna ta sa a nasa. Ta ce masa:

"Ɗana... ido ɗaya na ɓata maka. Ka yafe min, ka kula da ɗayan."

Jibrilla ya sunkuyar da kai.

"Goggo, duka biyun nake so."

Shekara talatin da takwas muka yi tare a Demsawo kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk tsawon shekarun nan, in za mu tsallaka titi, ta hagu yake tsaya min.