Jan Ƙasar Ɗakin Karima

Ana gab da kiran sallar magariba Rashidatu ta kwantar da Karima a ɗakinta karo na farko. Shekara tara ta yi tana jiran haihuwa, don haka babu wanda ya ga laifinta da ta ware wa jaririya ɗaki guda a gidansu na Kpakungu. Da hannunta ta yi komai. Zannuwan aurenta ta yanka ta yi labule, ta rataye ƙananan ƙorai a igiya bisa gadon. Fentin kanti kuwa ta ce warinsa na tayar mata da zuciya. Tana da cikin wata bakwai ta ɗauki ƙanwar mijinta Lailatu, suka haƙo jan ƙasa daga wani suri a hanyar Gidan Kwano. Ta kwaɓa da ƙaro, ta zane bango da furanni. Mijinta Tsado yana ta tsokanarta, wai wadda ciki ya hana ta ganin yatsun ƙafarta ina ruwanta da fure.

A magaribar nan, ba ta kai ga janye hannu daga jikin yarinyar ba wani abu ya faɗo a rufi. Aka ƙara, aka sake ƙarawa. Tsado ya fita zai yi wa maƙwabta faɗa, ya tarar layi shiru, sai curin jan ƙasa warwatse a tsakar gida, da ɗumi kamar yanzu aka sauke daga murhu.

Haka aka yi kwana shida. Da rana ta yi ja sai jifa, sai kuma muryar mace daga ɗakin tana rarrashi cikin wani yare, ba Nufanci ba, ba Gwaranci ba. Karima ta koma kuka ba hawaye, tana ramewa a idon uwarta. A rana ta bakwai aka sami Lailatu durƙushe a ɗakin tana ƙwaƙular bango da farce, yatsunta duk jini.

Bayan la'asar Tsado ya zo da Malam Zakariyya daga Paiko, dattijo mara yawan magana. Ya turara hayaƙi, ya zauna ya fara karatu. Bai yi nisa ba Lailatu ta juyo, ta yi magana da muryar da ba tata ba.

"Daina ƙona ni, Malam. Ɗana na zo nema."

"Ina ɗan naki?"

"Yana barci a gidana matar nan ta kafta masa fartanya. Ya narke cikin ƙasar. Ga shi nan ta shafe bango da shi."

"Ba ta sani ba, baiwar Allah. In an mayar miki da ƙasarki za ki tafi?"

"In ta cika."

Rashidatu ce ta ɗauki wuƙa. Fure bayan fure ta kankare aikin wata biyu tana kuka, Tsado yana tarewa da kwano, har bangon ya koma siminti tsirara. Aka share ƙasa, aka kaɗe labule. Lailatu ta nutsa hannu biyu cikin kwanon, ta daɗe tana lalube.

"Bai cika ba."

Malam ya dubi Rashidatu. Ta zame ƙasa.

"Malam, kwaɗayin ciki ne," ta ce da ƙyar. "Ƙamshinta ne yake ja na. Kullum in ina zane sai na ɗan gutsura na ci."

Muryar ta juya wajen gadon a hankali. "To saura yana jikin yarinya. Da shi aka gina ta."

Malam ya koma karatu da ƙarfi har gumi ya jiƙa rigarsa. Lailatu tana birgima tana ihu, amma muryar ba ta sauya magana ba. Ta ce ko an ƙone ta ƙurmus, danginta sun san hanyar gidan. Ya yi mata tayin rago ta ƙi. Rashidatu ta ce a ɗauke ta a madadin 'yarta, aka ce ita babu komai a jikinta, duk ta zuba wa yarinya.

Can muryar ta yi laushi. "Ni ma uwa ce, ba na cire ɗa daga nono. Ki shayar da ita. Ranar da kika yaye ta zan zo in karɓi nawa."

Lailatu ta yi atishawa uku ta faɗi. Malam ya naɗe buzunsa, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Ya ce su riƙe addu'a, iya abin da ya samu ke nan.

Jifa ya tsaya daga ranar. Yau Karima tana da shekara huɗu, kyakkyawa, ga surutu. Matan unguwa suna yi da Rashidatu, wai ƙatuwar yarinya har yanzu tana jikin nono. Rashidatu ta sha kunun kanwa, ta sha jiƙo kala-kala, har Bida ta je neman magani. Duk da haka ruwan nonon yana ta ja da baya.

Shekaranjiya da safe Karima ta ɗan tsotsa, ta ture ta da hannu, tana dariya.

"Mama, babu komai a ciki. Ni na girma ma, shayi zan sha."