Jar Hular Danni

Ku yaran yanzu ba kunya, ba tsoro. Duk abin da kuka gani a bakin hanya sai kun ɗauke shi hoto kuna washe baki. To, ku saurara.

A watan bakwai ne na kalandarmu ta Sin, watan da matattu ke yawo, ɗana ya sa ni cikin ayarin masu yawon buɗe ido zuwa birnin Xi'an. Ya haɗa ni da 'yarsa Danni, wai ta riƙe mini jaka. Mu goma sha bakwai ne. Jagoranmu, wani saurayi mai suna Lei Bin, ya raba mana jajayen huluna.

"Ni huluna nake ƙirgawa, ba fuskoki ba," in ji shi. "Mai hula shi ke da kujera."

Da almuru muka sauko daga kan ganuwar birnin, muna bin 'yar tutar da Lei Bin ke ɗagawa zuwa mota. A wata kusurwa wani ya zana da'ira da alli, ya ƙona wa mamacinsa takardun hadaya a ciki. Tokar na hayaƙi. Ga lemo uku da turaren tsinke a gefe.

Danni ta cire hularta, ta ɗora kan lemon, ta ɗaga waya.

"Kaka, duba! Kawu mamaci ma zai bi mu yawo."

"Ɗauke abin nan, marar kunya!"

"Haba Kaka, toka ce fa."

Ta gama hotonta, ta duƙa za ta ɗauka. Babu hula. Lemo biyu suka rage.

Na ja hannunta muka shiga mota. Na zauna jikin taga, ita tana ɗora jaka a sama. Lei Bin ya bi layi yana ƙirga.

"Sha bakwai. Mun cika."

Sai ya tsaya gaban Danni. "'Yan mata, kin shiga motar da ba taki ba. Sauka."

"Yaya Lei, ni ce fa! Tare muka ci taliya ɗazu."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Sauran ma haka.

A lokacin na ji warin ƙonanniyar takarda. Kusa da ni. Da ƙarar ɓare lemo, a hankali.

Akwai mutum a kujerar Danni.

Ban kalli fuskarsa ba. Yatsunsa na gani, furu-furu da toka. Da jar hula.

Direba ya buɗe ƙofa. A waje, jikin ganuwa, mutane sun jeru. Ba mai motsi. Duk ƙofar suke kallo.

Lei Bin ya kama hannun Danni.

"Kaka," ta ce.

Na sunkuya na yi wa mai ɓare lemon raɗa. "Yaya, yi haƙuri. Yarinya ce, ba ta da hankali."

Ɓare lemon ya tsaya.

Ƙafar Danni ɗaya ta taka matakala.

Na fizge hular daga kansa. Sanyi ya ratsa ni har kafaɗa. Na ture Lei Bin, na kifa mata ita a ka. Toka ta zubo mata a fuska.

Ya ƙifta ido. "Danni, zauna mana, kina ɓata mana lokaci."

Kujerar ba kowa, sai ɓawon lemo.

Mun dawo gida, amma tun daga ranar ba mai ƙirga Danni. Uwar da ta haife ta kwano huɗu take jerawa, alhali mu biyar ne. Saurayinta ya wuce ta a tashar jirgi, bai waiwayo ba. A wurin aiki sun ba wata teburinta. In ta yi magana sai a ce, "Af, kina nan?" Can kuma a manta.

Ni kaɗai nake ajiye mata kwano. Shekarata tamanin da ɗaya.

Kullum da asuba sai Danni ta zo bakin gadona ta tsaya, tana sauraron numfashina.