Ɗigon da Ya Faɗa Kan Layi

Ranar da aka kawo sabuwar ma'aikaciya ofishinsu, Dogo ya daina cin abincin rana shi kaɗai.

Teburinsa na can lungu, kusa da firinta, inda babu mai zuwa sai takarda ta maƙale. A nan yake fama da wata gasa ta intanet. An raba fili gida huɗu da layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a rubuta wa kwamfuta umarnin da zai faɗi gidan da kowane ɗigo ya faɗa. Wanda ya fi ƙarancin haruffa shi ya ci. Babu kyauta, sai yabon mutanen da su ma babu mai jiransu a gida.

Sabuwar ma'aikaciyar ta tsaya a bayansa da kwanonta a hannu.

"Ɗigon da ya faɗa kan layin fa? Ba shi da gida?"

"Ba a tambaya ba."

"An tambaya, malam. Garin ragewa ka yanke shi."

Ya duba, gaskiyarta. Tun daga nan yake kiranta Ɗigo, ita kuma ta raɗa masa Sarkin Rowa, don magana ma auna ta yake yi.

Da soyayya ta yi nisa ya je gaban mahaifinta, tsohon ya ce, "Me ke tafe da kai?"

"Aure."

"Shi ke nan?"

"Eh, Baba."

Bayan fitarsa tsohon ya ce wa 'yarsa, "Wannan ranar da ya ɓata miki, bakinsa ba zai iya ba da haƙuri ba." Akwai kuwa ɗan abokin tsohon a gefe, shi ma yana sonta, mai bakin da ko dutse zai sayar.

Ta turo wa Dogo saƙo: "Sarkin Rowa, Baba ya ce ɗan abokinsa zai zo gaishe ni. Me ka ce?"

Ya rubuta amsa mai tsawo. Sai hannu ya yi abin da ya saba, ya rage nan, ya goge can. Abin da ya isa gare ta shi ne: "To."

Ta kwashe kwanonta ta koma cin abinci da mata. Ya koma lungunsa. Sunansa ya hau saman jerin gasar, ya waiwaya, firinta kaɗai ya gani.

Sai da ya ji ana zancen sa mata rana da ɗan abokin mahaifinta sannan ya rubuta, ya tura bai sake karantawa ba: "Ɗigo, ban yarda ba. Ban taɓa yarda ba. Abinci ba ya shiga, kujerarki ma na hana kowa ɗauka. Kafin ki zo ban san ni kaɗai ba ne, yanzu na sani, kuma laifinki ne. Ki ce wa Baba ina zuwa."

"Ashe kana da haruffa," ta amsa. "Taho, nawa."

Ya zauna gaban tsohon ya yi ta zuba, yana gumi yana in'ina, har tsohon ya ɗaga hannu. "Ya isa, ɗana. Na ba ka. Allah ya yi muku albarka."

Ranar da aka kai ta, ya shirya wata magana guda. Ya buɗe baki ke nan gwaggonninta suka cika ɗakin da addu'a da tsokana, sai ya bari sai gobe. Ya ɗauka akwai lokaci. Kowane ango haka yake ɗauka.

Abin da ya so ya ce mata shi ne, idan tafiyar da ba a dawowa ta zo, ta yi haƙuri ta bar shi ya riga ta.